Dakta da Dodon Koɗi Mai Cin Nama

Akwai wani mutum da 'yan unguwarsu ke kira Dakta. Ba likita ba ne. Kiwon dodon koɗi yake yi a filin da ke bayan gidansa, yana sayar wa masu gidajen abinci. Sunan ya bi shi ne don ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba.

A gidansa akwai baffansa, wan mahaifinsa, tsohon da ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin lambu. Shi ke yayyafa wa akwatunan kiwon ruwa kowace safiya, don ya ce zaman ɗaki na ɗaure masa gwiwa.

Wata rana Dakta ya dawo daga wata gona da wasu dodon koɗi a leda, masu dogon ɓawo siriri. Ya tara abokansa yana nuna musu sabon iri.

Baffa ya ɗauki ɗaya, ya kai shi kusa da ido, ya jujjuya.

"Ɗana, kada ka haɗa su da naka. Wannan ba ganye yake ci ba. Tana yake ci, da 'yan'uwansa."

Dakta ya kwashe da dariya. "Baffa, dodon koɗi ne fa, ba kura ba. Wata uku na yi ina kwas a kan sana'ar nan."

Abokai suka taya shi. Tsoho ya ajiye abin a hankali, ya goge hannu a riga, ya shige ɗaki. Dakta kuwa ya juye su cikin akwatunan kiwonsa.

Ba a yi wata guda ba Dakta ya fara tsintar ɓawo fanko a akwatuna. Yau biyar, gobe goma sha. Ransa ya ɓaci, ya tari Baffa a tsakar gida, gaban matarsa.

"Da ruwan wanki kake yayyafa musu, ko? Idonka ba ya gani, ka ƙi yarda. Ka kashe min dabbobi."

"Baban yara, yi a hankali mana," in ji matar.

Bai ko kalle ta ba. Ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar wurin kiwon. Tun daga ranar Baffa ya daina fitowa sai alwala, kwanon abincinsa kuma yakan dawo kusan yadda aka kai shi.

Amma mutuwar ba ta tsaya ba.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwan sama, Dakta ya buɗe akwati ya tsuguna. Ga ɗaya daga cikin masu dogon ɓawon nan ya bi sawun wani ƙarami har ya cim masa. Ya miƙa wuya, ya cusa kai cikin ɓawonsa. Ƙaramin na ta kumfa yana ja da baya, babu wurin gudu. Dakta na kallo har aka cinye shi tas.

Gumi ya karyo masa duk da sanyin safiyar. Ba asarar ce ta fara zo masa ba, fuskar tsohon ce a tsakar gida.

Ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Baffa. Matar Dakta ta zo wucewa da tsintsiya, ta kau da kai don kada ta ƙara masa nauyi. Wannan ma ya fi masa zafi.

Da ƙyar ya shiga, ya durƙusa.

"Baffa, na gani da idona."

Tsoho ya ɗago ya dube shi.

"Na sa aka yi maka dariya. Na ɗora maka laifin da ni na yi. Ka yafe..."

"Nawa suka rage?" in ji Baffa.

"Ba su kai rabi ba."

"To tashi, miƙo min takalmina. Tsince masu dogon ɓawon kawai ba zai yi ba, sun zuba ƙwai. Sai an canza ƙasar duka."

Haka suka wuni. Tsoho na tankaɗe ƙasa, Dakta na jigilar bokiti, ya kasa ɗaga kai su haɗa ido. Ragowar suka tsira, kiwo ya farfaɗo.

Dakta ya yi ta jiran ranar da Baffa zai yi masa gori, ko da cikin wasa, ya samu sauƙi. Har Allah ya karɓi ran tsohon bai taɓa tayar da maganar ba.

Darasi: Takardar kwas ba ta share abin da tsoho ya gani da idonsa. Kafin ka yi wa babba dariya, bincika. Kafin ka ɗora wa wani laifi, duba hannunka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai bukatar neman yafiya tun wanda ya ɓata wa yana raye.