Ƙadangare a Kan Rawanin Hakimi

An ce wai a wani gari da ake kira Rafin Marke an yi wata malama mai suna Tasalla, wadda ta shekara talatin da biyu tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye alli. Mace ce 'yar ƙarama mai kaifin ido, tana da taurin kai irin wanda sai ya amfani mutane sannan suke ce masa jajircewa. Da ta yi ritaya an zaci za ta zauna ta yi kiwon awaki, amma abin da ta baro a makaranta ya hana ta sakewa. Aji guda yara ɗari da ashirin, malami ɗaya, na gaba suna karatu, na baya suna amshi. Yaro sai ya shekara uku yana zuwa bai san harafin farko na sunansa ba.

Sai ta bi gida-gida tana neman masu sa kai. Ta samu takwas, cikinsu har da tela da mai kemis da matar ladan da wani tsohon ɗan sanda, ita ce ta tara. Sharaɗinta ɗaya ne: babba ɗaya, yaro ɗaya, tabarma ɗaya, kullum bayan la'asar, har sai yaron ya karanta da kansa. Shekarar farko ta ɗebo yara tara daga bayan aji, yawancinsu 'ya'yan Unguwar Majema, masu jimar fata a bayan gari. Kafin shekara ta zagayo, biyu daga cikinsu suka zo na ɗaya da na uku.

Nan fa manyan gari suka farga. Abin da suke wucewa suna yi wa dariya, yanzu ya zama hakkin 'ya'yansu. Sarkin Kasuwa Jatau, wanda ɗansa ya sauko zuwa na huɗu, ya ja tawaga zuwa gaban hakimi, wani dattijo mai haƙuri da ake kira Magaji Bawa. Suka ce Tasalla son kai take yi wajen zaɓe, a shirya jarrabawa, yaran da suka fi ƙoƙari su samu tabarmin tara.

Hankalin Tasalla ya tashi, domin akwai alkawari a wuyanta. Wata yarinya ce Dela, 'yar Tanko majemi, shekararta tara, ta haddace littafin aji daga bakin 'yan'uwanta amma ko a kife aka ba ta shi haka za ta rera. Ubanta ya ce shekara uku sun isa gwaji, zai cire ta ta taya uwarta tsintar bagaruwar jima. Sai da Tasalla ta je gidan sau uku kafin ya yarda ya ƙara mata shekara guda, muddin ta samu tabarma. In aka yi jarrabawa, Dela ce za ta zo ta ƙarshe.

Da aka kira Tasalla gaban hakimi, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, in an kawo magani kaɗan cikin gari, wa ake fara ba, mai tafiya da ƙafarsa ko wanda ke kwance? Tabarmata ba lada ba ce ga wanda ya iya. Hannu ne ga wanda aka bari a baya."

Hakimi ya yanke cewa tabarma ta wanda bai iya karatu ba ce, kuma ranar Alhamis a kawo yara zaurensa a tantance. Jatau da mutanensa suka ce sun ji sun yarda, suka tashi da fara'ar da ba ta kwanta wa Tasalla a rai ba.

Ranar Alhamis yara arba'in suka hallara, kuma wani abin mamaki ya sauka a Rafin Marke: karatu ya gudu daga gari. Duk yaron da aka miƙa wa littafi sai ya ce bai iya ba. Ɗan Jatau, wanda Tasalla ta sha jin yana karanta rubutun bayan motoci a tasha, ya riƙe littafin yana juya shi kamar bai taɓa ganin takarda ba. Har Mudi, jikan hakimi, uwarsa ta yi masa huɗuba ya zo yana sosa ƙeya. Takaici ya cika Tasalla, ba don yaran ba, sai don iyayen da suka koya musu ɓoye abin da ya kamata su yi alfahari da shi. Ta san mai yi da gaske ta san mai yin wasa, amma shaidarta ce ake tuhuma tun farko.

Hakimi ya ce, "Malama, ba zan ƙaryata ɗan kowa ba tare da hujja ba. In kina da hanyar rarrabe su wadda kowa zai gani da idonsa, bismilla. In babu, ƙuri'a za a jefa."

Ƙuri'a kuwa tara ce cikin arba'in. Tasalla ta dubi Dela a can ƙarshen layi, ta ce a ranta ba za ta bar yarinyar nan a hannun sa'a ba. Ta sake duban yaran gaba ɗaya, sai ta lura da abu guda da ya haɗa su: kowa kansa a sunkuye yake, domin a garin nan yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba, balle hakimi.

Sai ta roƙi a shigo mata da su ɗaya bayan ɗaya, yadda ta saba aikinta, su shiga ta ƙofar gaba su fita ta baya. Ta ɗauki ɗan allo ta yi rubutu da alli, ta zauna a gefen hakimi ta juya wa manya bayan allon. Ta ce duk yaron da ya ɗaga ido ya dubi hakimi a kai shi inuwar dama, wanda bai ɗaga ba a kai shi ta hagu. Jatau ya yi dariya ya ce 'ya'yansu masu tarbiyya ne, yau inuwar dama sai dai kaji.

Ɗansa aka fara shigowa da shi. Tasalla ta nuna masa allon ta ce ya karanta. Ya ce bai iya ba, amma kafin ya rufe baki idonsa ya haura can saman kan hakimi. Aka kai shi dama. Na biyu ma haka, na uku har da ja da baya. Mudi kuwa da ya dubi allon ya dubi kakansa, sai dariya ta ƙwace masa. Da aka zo kan Dela, ta ƙura wa rubutun ido har hawaye suka taru mata, ta ce ba ta iya ba, kanta na ƙasa. Da aka gama, ashirin da shida suna dama, sha huɗu suna hagu.

Hakimi, wanda ya gaji da shafa rawaninsa, ya ce a nuna masa abin da ke jikin allon nan. Tasalla ta nemi gafara ta juyo shi. Ga abin da ta rubuta: Akwai ƙadangare a kan rawanin hakimi.

Fadawa suka zuba ido su ga ko ran maigida zai ɓaci. Shi kuwa ya yi dariya har ya share ido, sannan ya gyara zama ya dubi Jatau da mutanensa.

Ya ce, "Kun koya wa bakinsu ƙarya, idonsu ya ƙi bin ku, har da na gidana. Yanzu ga yara sha huɗu, tabarmi tara. Gidan da yaro ya iya karatu haka, akwai babban da ya zaunar da shi. Saboda haka sauran biyar daga gidajenku za su fito, kowa da tabarmarsa bayan la'asar. Sarkin Kasuwa, kai ne na farko. Uwar Mudi ce ta biyu."

Jatau da mutanensa suka karɓi hukuncin. Tasalla ta ɗauki Dela da kanta. Allon kuwa hakimi ya hana a goge, ya sa aka rataye shi a bangon zaure a bayan mazauninsa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Dela ta saba haddacewa, sai da Tasalla ta yi wata biyu tana rufe hotunan littafi da tafin hannu kafin yarinyar ta yarda ta dubi haruffan. Bayan wata bakwai aka kawo yaran sha huɗu su gai da hakimi, Tanko majemi na tsaye a bakin ƙofa ya zo ganin ko shekarar da ya bayar ta tafi a banza. Dela ta durƙusa, idonta ya faɗa kan tsohon allon nan da ya taɓa sa ta hawaye. Leɓɓanta suka motsa a hankali, harafi bayan harafi. Sai ta ɗaga kai ta dubi rawanin hakimi, ta toshe baki tana dariya.

Hakimi ya ce, "Tanko, 'yarka ta yi mini rashin kunya. Allah ya yi mata albarka."

Shi ya sa masu hankali suke cewa, wanda ya san abu yana iya kame bakinsa amma ba ya iya kame idonsa, kuma mai son rarraba ilimi bisa adalci ya fara zama kusa da wanda kansa ke sunkuye, har ranar da zai ɗago.