Masu Haƙar Rijiya Biyu da Baƙin Bunsuru

Akwai wani maigida mai tausayi da ya ji cewa rijiyar wani ƙauye ta ƙafe, har mata suna tafiyar rabin yini neman ruwa. Sai ya aiki barorinsa biyu, Jatau da Arzika, su haƙa musu sabuwa.

Tsoho Nomau, mai kula da tsafin ƙauyen, ya zauna yana kallonsu kwana tara. A wurin nan kakanninsa suka haƙa suka gaza. A rana ta goma sai ga ruwa yana ɓuɓɓugowa, ga mutanen biyu sun fito daga rami, farar laka ta rufe su tun daga kai har ƙafa. Nomau ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ashe iskokin ruwa ne suka zo mana da siffar mutane."

Gari ya ɗauka. Mata na guɗa, makaɗa na gudu da ganguna. Nomau ya ɗauko wuƙa, ya jawo baƙin bunsuru zuwa bakin rijiya don ya yanka wa iskokin, domin al'adarsu jinin yanka a cikin ruwan ake zuba shi.

Jatau ya ruga ya riƙe wuƙar. "Baba, in jinin nan ya shiga, me jikokinka za su sha gobe? Duba hannuna."

Nomau ya duba. Tafin duk kanta, igiya ta yanke shi, jini na tsattsafowa.

Arzika ya ce, "Ka taɓa ganin iska da ciwon baya, Baba? Aiko mu aka yi."

Nomau ya saki bunsurun. Ya ce, "To, ku nuna mini hanyar gidan wanda ya aiko ku."

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan Allah ne, rijiyar bishara ce, barorin kuwa masu wa'azi. Haka mutanen Listira suka kawo wa Bulus da Barnaba bijimai, suna ce da su alloli, su kuwa suka keta tufafinsu suka hana. To, mu fa? Da idona na ga masu baftisma suna kokawa a kan hankicin mai wa'azi, suna rataya hotonsa a ƙofa kamar laya. Wannan sata ce, ɗaukakar Allah aka sata, kuma dole a mayar. Mai hoto ya sauke shi yau. Mai wa'azin da aka durƙusa masa bai hana ba, ya tashi ran Lahadi a gaban ikilisiya ya nuna hannunsa kamar Jatau, ya ce shi ma aiko shi aka yi.