Sifilin da Malam Ƙamus Ya Bayar

A makon farko na hutun zango na biyu aka tara malaman makarantu shida a ɗakin taro na wata sakandare, domin bita ta kwana uku kan yadda za a taimaki yaran da ba su kama Turanci ba tukuna. Cikinsu akwai wani malamin kimiyya da abokan aikinsa ke kira Ƙamus. Shekararsa goma sha tara a gaban allo, kuma ba ya faɗin gajeriyar kalma in akwai doguwa. Ya san fanninsa. Aibinsa shi ne ya ɗauka duk yaron da ya kasa ba shi amsa da Turanci mai kyau, to kansa ne babu komai.

Takardar gayyata ta ce kowa ya zo da littafin rubutun ɗalibin da ya fi ba shi wahala. Cikin littattafan da ya karɓa ƙarshen zango, Ƙamus ya zaro na wata 'yar aji ɗaya, 'yar wani tela, wadda iyayenta suka ƙauro daga inda ba a karantarwa da Turanci. Zango biyu ba ta buɗe baki a ajinsa ba. Shi da hannunsa ya rubuta a rahotonta cewa ba ta da ƙwaƙwalwar karatu, gara a nema mata wani abin yi.

Ya miƙa wa mai ba da horon, wata mata mai ƙaramar murya, ya ce, "Ga wannan, Malama. In kika samo wani abu a ciki, na yarda da bitarki."

Ta karɓa, ta manna takarda a kan sunan kamar yadda ta yi wa sauran. Shi kuwa ya sa hannu a rajista, ya zauna ƙarƙashin fanka, da aka fita shan iska bai dawo ba. Rana ta biyu ma haka. Ta uku ya zauna, don ranar ake raba takardar shaida.

Da hantsi matar ta haska shafin wani littafi a bango. Jan biro ya cinye shi, ga sifili babba a sama. Ƙamus ya gane rubutunsa tun kafin hoton ya daidaita.

Ta ce, "Ku bar jan biron tukuna. Tambayar ita ce, me ya sa shukar da aka kulle cikin kabad ta ɗashe ta langaɓe. Wani ya karanta mana abin da ɗalibin ya ce."

Malamin lissafi, abokin Ƙamus, ya shiga karantawa a hankali yana tuntuɓe. Turancin a karye yake. Amma da ya kai ƙarshe sai ya cire tabarau ya ce, "Cewa yake babu haske, ganye bai sami yin abinci ba. Ai amsar ke nan."

Aka buɗe shafi na gaba, da na gabansa. Cikin tambaya biyar an ci huɗu. A gefen wani shafi har da zanen ganye, da kibiya daga rana zuwa gare shi.

"To sifilin na mene ne?" in ji wata malama daga baya.

Sai idon mutane ya sauka kan abin da aka rubuta da jan biro a ƙasan shafin: kalma ɗaya doguwa, an ja mata layi biyu. Malamin lissafi ya waiwayo yana dariya.

"Ƙamus, wannan ko ni sai na koma gida na duba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ka rubuta wa?"

Dariya ta tashi, sannan ta mutu da kanta. Mai horon ba ta dubi Ƙamus ba. Ta ce ba mai jan biro ake nema ba, yadda za a raba abin da yaro ya sani da harshen da yake faɗinsa ake nema. Wannan sassaucin ya fi masa dariyar ciwo.

Da la'asar ya nemi shagon telan, littafin a hammata. Telan ya tashi daga kan keke, ya kakkaɓe ƙyallaye daga wani benci ya ba shi.

"Ai mu ne da godiya, Malam. Da ba ku faɗa mana gaskiya ba, da muna nan muna wahalar da yarinya. Na cire ta. Ga ta can, har ta iya sa maɓalli."

Ƙamus ya ce kuskure ya yi, yarinyar ta san karatunta, shi ne bai karanta ba. Bai taɓa jin maganarsa ta yi gajarta haka ba.

Telan ya yi murmushin girmamawa. "Haba Malam, ku da kuka yi ilimi. Tausayi ne dai kuka ji." Ya juya cikin shago. "Auta, ga malaminku ya ce ki koma."

Yarinyar ba ta ɗago kai daga rigar da ke cinyarta ba. Ta ce, "Baba, ka ce masa na gode. Nan na fi ganewa."

Ƙamus ya sake komawa shagon sau biyu cikin hutun. Da aka buɗe makaranta ya kira sunanta a rajista kwana goma a jere, sannan shugaban makaranta ya ce ya ja layi a kai.

Darasin da ke nan shi ne, rashin Turanci ba rashin basira ba ne, kuma malamin da ya haɗa su biyun zai yanke wa yaro hukuncin da iyaye za su gaskata fiye da ɗansu. Daɗewa a aiki ba ta hana mutum zama ya saurari horo. Wanda ya ga ya wuce koyo yakan gane kuskurensa bayan wani ya riga ya ɗauki asarar.