Masu Baƙin Zare

A zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jatau, mai mulki da ƙarfin tuwo. Allah ya ba shi ƙasa mai faɗi da dakaru masu yawa, amma ya jarrabe shi da hassada. In aka yabi wani a gabansa, ko da kan iya ɗaura rawani ne, ranar ba ya cin abinci da daɗi.

Wata shekara damina ta yi gardama. Talakawa suka taru ƙofar fada neman hatsin da aka saba ajiyewa don irin wannan rana, aka tarar rumbuna fayau, domin sarki ya riga ya sayar ya gina sabon soro. Galadiman garin, wani dattijo mai suna Nomau, ya buɗe nasa rumbunan ya raba wa jama'a. Nan da nan mata suka sa sunansa cikin waƙar daka.

Da waƙar ta kai kunnen sarki, ya kira wazirinsa Bagudu ya ce, "Waziri, ni ne sarki ko Nomau?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, in ka taɓa shi yau gari zai tashi. Jama'a na neman wanda za su ɗora wa laifin yunwa. In ba mu ba su wani ba, kai za su duba."

Sarki ya ce, "To, mu ba su. A ce akwai wata ƙungiyar asiri da ke ɗaure ruwan sama, tana kwashe hatsi tana kai wa abokan gaba. Sunansu Masu Baƙin Zare, alamarsu baƙin zare a cikin ɗinkin riga."

Aka sa sankira ya zaga gari da shela. To, wace riga ce babu baƙin zare a jikinta? Dogarai suka shiga farke rigunan mutane a kasuwa. Rijiya ta ƙafe, aikin Masu Baƙin Zare ne. Akuya ta mutu, su ne. Maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabci, maɗinka suka gudu daga gari, wasu suka mutu a kurkuku. Daga ƙarshe aka kama Galadima aka ce shi ne shugabansu, hatsin da ya raba ma na sata ne. Ba wanda ya ƙara tambayar rumbunan sarki.

Amma da yake waziri ne ke fita kamun mutane, shi jama'a ke gani. Maroƙa suka fara yi masa kirari: Bagudu garkuwar gari, mai ganin abin da ke ɓoye! Sarki yana ji daga soronsa, hassada na cin sa.

Sarki yana da gwaggo, Magajiya Kande, wadda ta goye shi yana jariri, ta kuma san halinsa ciki da waje. Ranar shari'ar Galadima, fada ta cika da malamai da fatake da masu zaɓen sarki. Aka shigo da Nomau ɗaure da mari a ƙafa, ya rame sai idanu. Kafin alƙali ya buɗe baki, Magajiya ta dogara sandarta ta miƙe.

Ta ce, "Zaki, a ba tsohuwa dama ta yi godiya. Tun zamanin kakanka nake gidan nan, ban taɓa ganin mai basira irin Waziri ba. Da ba don shi ba, da duk mun halaka muna barci, har da kai. Waziri, don Allah faɗa wa jama'a yadda ka gano su kai kaɗai."

Waziri ya saci kallon sarki, ya so ya kauce. Amma jama'a suka ɗauki sowa, maroƙa suka saki kalangu, daɗi ya kwashe shi. Ya gyara rawani ya fara ba da labarin yadda ya yi shigar fatake ya bi sawunsu cikin daji, yadda ya ji sunansu daga bakin ɗayansu, yadda ya gane alamar zaren da hankalinsa.

Magajiya ta ce, "Kai, madalla! Ashe ƙasar nan kai ke riƙe da ita."

Sarki ya zabura daga karaga. Ya daka tsawa ya ce, "Ƙarya kake, Bagudu! Wane daji ka shiga? Ko sunan ba kai ka ƙaga ba! Ni na raɗa musu suna, ni na ƙago zancen zaren, kana durƙushe kana gyaɗa kai!"

Kalangu ya tsaya. Sarki ya dubi fuskokin mutane, sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Alƙali ya ce, "Jama'a, kun ji da kunnenku. Ba ni da sauran tambaya."

Magajiya ta zauna, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Ni na goye ka, Jatau. Amma waɗanda suka mutu a kurkukunka su ma wasu ne suka goye su."

A ranar nan masu zaɓen sarki suka tuɓe rawanin Jatau, aka fitar da shi da Bagudu daga ƙasar ta ƙofofi dabam-dabam. Aka buɗe kurkuku, aka biya diyyar mamata da dukiyar mutanen biyu, aka naɗa Nomau.

Sabon sarki ya sa aka yi shela cewa ba a taɓa yin wata ƙungiyar asiri ba. Wani tsoho a kasuwa ya raɗa wa na kusa da shi, "Ka gani ko? Masu Baƙin Zare har fada sun kama." Dogarai suka kai labari suna neman izinin kamo shi.

Nomau ya ce, "Ku bar shi. Ku aika masa da dawa, ku gaishe shi."

Damina ta dawo, rumbuna suka cika, maɗinka suka komo gari, ba a kuma sake kama kowa kan zance ba. Haka na ji hikayar, haka kuma na ba ku.