Mutumin da Ya Ƙi Kiran Karensa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da kura ke zuwa har bakin danga. Sunansa Nomau, bawan Allah ne mai lambun albasa a gefen fadama. Ba malami ba ne, ba mai hali ba. Matarsa Tabawa ta rasu ta bar masa ɗaki da tukwane da wani baƙin kare da ta tsinta yana kwikwiyo, ta sa masa suna Duna. In Nomau ya tuƙa tuwo sai ya gutsura masa a kaskonsa daban. Da yamma ya zauna yana ba shi labarin tsutsar da ta shiga albasa, kare na kaɗa wutsiya. Mutane suna ta dariya. Waɗanda ba su ƙara leƙo shi ba tun da aka share makoki, su suka fi kowa dariya.

Wata bazara mahaukacin kare ya shigo garin ya ciji wata mata, ta rasu. Dagaci ya sa aka yi shela a kashe duk karen da ke garin.

To ku saurara ku ji yadda ake yi. Kare ba ya zuwa wurin baƙo mai sanda. Saboda haka mai karen ne zai fito da ƙashi a hannu, ya kira shi da sunansa, samari na laɓe bayan danga da kulake. Ya kira, kare ya taho da gudu yana murna. Karnukan da suka shekara suna korar musu kura daga awaki, haka masu su suka yi musu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tsaya duba wanda aka ciza da wanda ba a ciza ba.

Duna ya ji kukan 'yan'uwansa ya shige ciyawar fadama. Samari suka ce wa Nomau ya kira shi, ya ƙi. Wani ya raɗa masa cewa ya ce karen ya ɓata kawai, wannan ma ya ƙi, ya ce ya san inda yake. Aka kai shi gaban dagaci.

Dagaci ya ce, "Nomau, a kan kare za ka saɓa wa gari?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ce kada a tsare mutane ba. Amma wannan dabba ba ta taɓa jin muryata ta ga sharri ba. Ba zan kira shi da bakin da nake kiransa cin tuwo don a fasa masa kai ba. A bar ni in ɗaure shi a bukkar lambu in zauna da shi. In yana da hauka, ni zai fara ciza, kuma ni zan kashe shi da hannuna."

Dagaci ya yarda, ya yanka masa wa'adi, don ya ɗauka haukan ya riga ya kama mai karen. Nomau ya koma lambu. Ba mai kai masa ruwa, ba mai sayen albasarsa, har ta ruɓe a rumfa. Da wa'adi ya cika ya fito da karensa lafiya lau. Ya shiga masallaci, sahu ya buɗe masa fili dama da hagu, ba mai son haɗa kafaɗa da shi.

Na ga kuna jiran in ce daga baya Duna ya ceci ɗan dagaci, gari ya zo neman gafara. Bai ceci kowa ba. Ba wanda ya nemi gafara. Tsufa ya kashe shi a ƙofar ɗakin Nomau, shi ke nan. Ku kullum sai dabba ta biya ku kafin ku yarda tana da haƙƙi.

Ga abin da nake faɗa muku. Duk abin da ya amince da muryarka, amana ce a wuyanka, ko mutum ko dabba, kuma za a tambaye ka. Kuna da karnuka a gonaki suna gadi da yunwa. Yaranku na jifansu a hanya kuna murmushi. Kun ƙware wajen wanke ƙwaryar da kare ya lasa, amma ba ku taɓa tambaya ko ya sha ruwa yau ba. Kafin ku kira wanda ya yarda da ku, ku duba abin da kuka ɓoye a ɗaya hannun.