Littafin Barmo a Bayan Buhu

"Ni ba na rubutu," in ji Barmo mai injin niƙa, yana bugun ƙirji a gaban 'yan majalisarsu. "Kaina littafi ne. Injin nan kullum sai ya zubo mini dubu hamsin, ranar da kasuwa ba ta ci ba ke nan!"

Suka yi ta jinjina masa. Da suka watse ya laluba aljihu don ya sayi man gas, ya tarar da ɗari bakwai da ɓarin goro.

Sai ya ji an ce, "Maigida, dubu hamsin ɗin ne suka tsuke haka?"

Ya waiwaya, sai ga tsohon ƙadangaren nan mai jan kai da ya shekara bakwai a bangon shagon yana cin ƙudan gari. Barmo ya ce, "Kai kuma wa ya sa da kai?"

Ƙadangare ya ce, "Abincinka na ci, shi ya sa. Saura wata uku masu haraji su zo ƙiyasi. In suka sa maka abin da ba ka iya biya, kwaɗo za su danna wa shagon nan, ni da kai mu kwana da yunwa. Ina gudun abin da ya sami Jatau mai albasa ya same ka."

"Me ya sami Jatau?"

Ƙadangare ya gyara kwanciya ya ce:

An yi wani mai albasa wai shi Jatau, a kasuwar da na yi ƙuruciya. Buhu biyu ne jarinsa, amma ran kasuwa sai ya aro babbar riga mai aska takwas, ya zauna kamar dillalin mota goma. Ranar ƙiyasi aka ce ya kawo shaidar cinikinsa, ya ce ba ya ajiyewa. Jami'i ya dubi rigar nan sama da ƙasa, ya rubuta abin da ya dace da ita. Sai da Jatau ya sayar da kekensa ya biya. Ya tafi wurin gwaggonsa Tasalla yana kumbure-kumbure, wai an zalunce shi.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ka zalunci kanka. Ba ka ji yadda Ladingo mai ƙuli-ƙuli ta yi ba?"

Ya ce, "Ban ji ba, Gwaggo."

Ta ce, "Ladingo ko alif ba ta sani ba. Gwangwani uku ta ajiye a ƙarƙashin gado. Na farko na gyaɗa ne, ko wa ya mutu ba ta taɓa shi. Na biyu na tukunyar gida. Na uku ɗan ƙarami na hukuma, kullum takan jefa masa wani abu kamar sadaka. Tana kuma da gawayi. Ta sayar da faranti guda, ta ja layi a bango. Ta sayi gyaɗa ko itace, ta zana ƙwai. Da masu haraji suka zo suka ga hayaƙi da mata suna layi, suka ce ai wannan masana'anta ce. Ta ce su shigo su gaisa da bango. Suka ƙirga layi, suka cire ƙwai, abin da ya rage a kansa aka yanka mata. Ta juye ƙaramin gwangwani ta biya, ta ce a ba ta rasit, har canji ya rage ta sayi ɗan kunne. Ita bango ya yi mata magana, kai kuwa ka bar rigar aro ta yi maka."

Ƙadangare ya ce, "To maigida, kai ko rigar ma ba ka da ita. Bakinka ne zai ba da shaida a kanka."

Barmo ya tsuke fuska. "Ni zan yi zane a bango kamar mai ƙuli? Allah ya kiyaye!"

Amma da ya ga ba kowa, ya tsinci gawayi, ya rataya buhu a bangon bayan inji. Kullum yana niƙa yana leƙawa bayan buhu: kwano guda layi, man gas da gyara ƙwai. Gwangwanin madara uku kuma suka samu wuri a ƙarƙashin benci. A majalisa dai dubu hamsin ba ta ragu ba, har wata rana ta kai sittin.

Ranar ƙiyasi Malam Sabi'u jami'in haraji ya iso, mutane suka taru. Ya ce, "Nawa kake samu a rana?"

Kafin Barmo ya buɗe baki, Nomau mai faci ya ce, "Dubu sittin, ranka ya daɗe! Kullum yana faɗa mana. Mu ne shaidu!"

Malam Sabi'u ya rubuta, ya nuna masa takardar. Barmo ya ga adadin da ko an sayar da injin da bencin ba za su biya ba. Ya dubi 'yan majalisa, ya dubi buhu. Ya miƙa hannu ya fizge buhun.

Malam Sabi'u ya matsa ya ƙirga layi, ya cire ƙwai, ya ce, "Malam Barmo, ribarka ba ta wuce dubu uku a rana ba."

Kasuwa ta ɓarke da dariya. Nomau har da riƙe ciki. "Ashe kan naka a bango yake! Ina sauran dubu hamsin da bakwai?"

Barmo ya ce, "Suna cikin kaina, can ba a karɓar haraji."

Aka sake rubuta masa daidai ƙarfinsa. Ya jawo ƙaramin gwangwani ya juye, ya biya, ya karɓi rasit. Sa'an nan ya cire hula a gaban kowa, ya fuskanci bango ya ce, "Na gode, Malam. Na ji, na ɗauka. Allah ya saka wa Ladingo ma."

Nomau ya ce, "Jama'a, yanzu kuma bango yake gaisarwa!"

Ƙadangare dai yana can sama yana gyaɗa kai.