Hedimastan Da Ya Ɗora Kurma A Keken Guragu

Akwai wata baiwar Allah mai suna Mero a wani ƙauye da ke kan hanyar Funtua zuwa Dandume. Mijinta Mudi manomin masara da auduga ne. Suna da 'ya mai suna Amatullahi, wadda sanƙarau ya kama tana da shekara biyu. Ta tashi, amma jinta bai dawo ba.

Da ta kai shekara shida suka sa ta a firamaren ƙauyen. Hedimasta, Malam Shitu, ya karɓe ta da fara'ar da ta ba su mamaki.

"Ku bar min ita," in ji shi. "Irin waɗannan yaran amana ce a wuyanmu."

Shekara uku yarinya tana zuwa tana dawowa. Littafinta fari fat, ko baƙi ɗaya babu. Abin da Mero take gani kawai shi ne hannayen 'yarta sun yi kaushi, inifom kullum a jiƙe.

Wata rana ta biya ta makarantar daga kai niƙa. Yara suna aji suna karatu da ƙarfi. Amatullahi kuwa tana bayan ofis a durƙushe, tana wanke babur ɗin hedimasta. A gefenta ga kwanukan abincin malamai an jibge suna jiran ta.

Mero ta juya ta koma gida.

A kasuwar Funtua ne wata mai sayen gyaɗarta ta ba ta labarin makarantar kurame da ke Malumfashi, inda malamai ke koyar da yara da maganar hannu. Mudi ya hau mota ya je ya gani da idonsa. Aka ce masa ya kawo takardar asibiti, da takarda daga makarantar da yarinyar take.

Ta asibiti ba ta ba su wahala ba. Ta Malam Shitu ce ta gagara.

Yau ya ce hatimi yana gida. Gobe ya ce ya tafi taro. Zuwa na biyar, Mero ta bi mijinta, ta durƙusa a ƙofar ofis.

"Ranka ya daɗe, a taimaka mana. Shekarunta suna tafiya."

Ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba. "Baiwar Allah, wai kurma me za ta yi da boko? Ba ku gode an bar ta tana shiga cikin mutane ba? Ni ba zan sake ta ba, akwai shirin da ake yi mata."

Mudi ya ja matarsa suka fita. Ya ce, "Mu yi haƙuri, Mero. Ba a faɗa da mai biro."

Bayan mako biyu hedimasta ya aiko cewa ranar Laraba a yi wa Amatullahi kitso da wanka, manyan baƙi za su zo. Mero ta shirya ta. Amma hankalinta bai kwanta ba, sai ta yafa mayafi ta bi bayanta.

Ta tarar da farar mota a harabar makaranta. An kafa rumfa, an jera kujeru. Baƙin 'yan wata ƙungiya ce mai tallafa wa yara masu buƙata ta musamman, shugabarsu wata Hajiya Sa'adiya.

Sai idon Mero ya faɗa kan 'yarta.

Amatullahi tana zaune a kan keken guragu, an lulluɓe mata ƙafafu da zani. Yarinyar da ke tsere da awaki har bakin rafi! Malam Shitu yana tsaye a bayanta, ya dafa kanta, yana murmushi ana ɗaukar hoto.

"Wannan marainiyar Allah," yake cewa, "ba ji, ba magana, ba tafiya. Ni nake ɗawainiya da ita kamar 'yar cikina."

Mero ba ta yi ihu ba. Ta matsa inda 'yarta za ta gan ta, ta buga ƙirjinta sau biyu, alamar da suke yi a gida in ana kiran ta. Amatullahi ta yaye zanin, ta diro daga keken, ta ruga da gudu ta rungume uwarta.



Hajiya Sa'adiya ta miƙe. "Malam, mene ne wannan?"

Ya fara in'ina, gumi na keto masa. "Hajiya, ai... kin san kurumta ba ta fitowa a hoto. Na ga in ba a ga keken ba, ba za a tausaya ba."

"Hajiya, ni ce uwarta, ubanta ma yana gona da ransa," in ji Mero. "Shekara uku tana wanke masa babur. Ku ba ta biro ku ga ko ta san yadda ake riƙe shi."

Aka ba ta. Ta juya shi, ta kalli uwarta.

Hajiya ta sa aka buɗe ɗakin ajiya. Ga allunan hotuna da littattafan koyar da kurame da suka kawo tun bara, a cikin kwalayensu, gara ta cinye rabi. Keken kuwa na wani yaro ne gurgu a ƙauyen, da sunansa aka kawo keken, amma har wannan rana da rarrafe yaron yake fita.

Hajiya ta tofar da yawu gefe. "Wallahi ka ba ni ƙyama."

A gaban kowa Malam Shitu ya rubuta takardar ya buga hatimi, hatimin da ashe yana cikin aljihunsa. Aka kai wa yaron kekensa a ranar. Rahoto ya tafi sama, kafin wata ya ƙare aka cire Malam Shitu daga kujerar. Har yau in ya shigo majalisa, hira takan mutu.

Amatullahi ta tafi Malumfashi. Da ta dawo hutun farko, ta zaunar da uwarta a tabarma, ta ɗauko littafi ta rubuta Amatullahi a hankali. Sannan ta nuna Mero da yatsa, ta miƙa mata biron, tana jira.

Sai a lokacin Mero ta gane. Shekara tara, 'yarta ba ta san sunan uwarta ba.

Ta karɓi biron da ɗan karatun firamarenta, ta rubuta haruffa huɗu, hawaye na ɗiga a kan takardar.

Darasi: Yaro mai lalura ba kayan talla ba ne, ɗalibi ne mai haƙƙin a koyar da shi ta hanyar da zai gane. Iyaye, ku riƙa leƙa makaranta, ku tambaya, kada ku gaji da bin haƙƙin 'ya'yanku. Wanda kuma ya mai da raunin yaro abin neman suna, ya sani tonon asiri na jiran sa tun a duniya. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai uwar da ke buƙatar jin wannan yau.